Gerewol, Biyanu da lasar gishirin Ingal: don wa ake yin su?

Wata ɗiyata, ɗalibar jami'a a nan Damagaram, ta aiko mini da wannan tambaya: “Baba, kullum muna ganin hotunan samarin Bororo a waya, sun shafa ja a fuska suna zare ido, ga raƙuman Buzaye a Ingal, ga Biyanun Agadas. Wasu ƙawayena sun ce duk wasa ne da ake shirya wa Nasara masu yawon buɗe ido, wasu kuma sun ce Gerewol bikin satar matan aure ne. Kai da ka yi aikin dabbobi a arewa, mece ce gaskiyar lamarin? Mu kuma Hausawan birni, ina ruwanmu da su?”

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya maimakon ki ɗauki zancen gari ki ƙara gaba da shi. Shekarun aikina a ma'aikatar kiwo na yi su, ina bin garke da akwatin allura tsakanin Tanut, Adarbisinat da Ingal. Na kwana a rugage, na sha nonon mutanen nan, na ga shekarar wadata da ta fari tare da su. Abin da zan gaya miki daga can na ɗauko shi.

Mu fara da suna, don a nan ake fara yi musu laifi ba a sani ba. Bororo mu ne muka laƙaba musu. Su Woɗaaɓe suke kiran kansu, mutum ɗaya Boɗaaɗo, Fulani ne masu Fulatanci, sai dai sun riƙe kiwon yawo fiye da sauran danginsu. Kalmar Buzu kuwa da yawa daga cikin masu ita ba sa jin daɗinta, domin a asali tana nuni ne ga bayi da barorin gida. Su Kel Tamajak suke cewa, wato masu harshen Tamajak, in kuma da Hausa za ki faɗa, Abzinawa ya fi daɗin ji. Sannan ƙanƙantar da ake nufi in an ce ƙananan ƙabilu ta lissafi ce kawai. Hausawa mun fi rabin mutanen Nijar, Abzinawa da Fulani kowanne bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma ba, Tubawa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma ki hau mota ki wuce Tanut ki nufi Agadas, tun ba ki yi nisa ba za ki ga ke ce baƙuwa.

Ba za ki gane ko ɗaya daga cikin bukukuwan makiyaya ba sai kin san yadda shekararsu take tafiya. Rani da bazara, wata takwas ko tara, a warwatse suke zaune, gida ɗaya nan, gida biyu can, kowa a bakin rijiyarsa, saboda busasshiyar ciyawa ba ta ɗaukar taro. Shayarwa kaɗai ta ishe su aiki. Rijiyoyin Damargu, wato ƙasar Tanut, akwai masu zurfin da sai sa ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa da igiya kafin wasaki ya leƙo, kuma haka za a yi ta yi tun asuba har rana ta take. Wa da ƙane sai su yi wata shida ba su ga juna ba. Da ruwan farko ya sauka a kudu manomi ya yi shuka, dole garke ya ba gona wuri, ya kama burtali ya yi arewa yana bin ɗanyar ciyawa. Sai can ƙarshen damina, Agusta zuwa Satumba, tafkuna sun cika, saniya tana sha da kanta ba mai ja mata guga, nono ya wadata har ana kyauta da shi. Waɗannan ƴan makonni su kaɗai ne a shekara da mutum ɗari biyar ko dubu za su iya sauka wuri guda da dabbobinsu ƙasa ta ɗauke su. To duk abin da aka jinkirta sai a zube shi a nan: sunan yaran da aka haifa da rani, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, biyan bashi, sulhun waɗanda suka yi faɗa a bakin rijiya. Rawa da kwalliyar da kike gani a waya, a kan wannan tarin aiki suke zaune.

Ingal tana yamma da Agadas da wajen kilomita 160, a bakin wani shimfiɗaɗɗen kwari da ake kira Irazar. Ƙasar wurin da ruwanta da ciyawarta duk da gishiri a jikinsu, kuma arewa da garin akwai Tagidda-n-Tesumt, inda har yau ake shanya ruwan gishiri a ƙananan ramuka ana kwashewa. Abin da Faransawa suka kira Kur Sale, mu mu ce lasar gishiri, magani ne kafin ya zama biki. Dabbar da ta shekara tana cin ciyawar jigawa takan rasa gishirin jiki. Za ki gan ta tana lasar ƙasa, tana tauna ƙashi ko tsumma, gashinta ya dushe, ba ta ɗaukar ciki da wuri. In ta yi mako biyu ko uku a Irazar, farko cikinta ya saki, makiyaya su ce yana wanke tsutsa, daga nan ci ya buɗe, fata ta yi sheƙi. Na ga wannan sauyi da idona sau da yawa, kuma mu ma'aikata ba mu koya musu shi ba, mun tarar da su suna yi. Mutanen garin Ingal ɗin kansu wata ƙaramar al'umma ce, Isawaghan, masu dabino da gishiri, da harshensu Tasawak wanda ba a cika yin sa a ko'ina ba sai can da Tagidda-n-Tesumt.

Tunda makiyaya suna taruwa a wurin, duk mai mulki ya bi su can. Sarkin Abzin yana da wakilci a wurin tun da, Nasara suka zo suka mai da shi wajen ƙirga da karɓar jangali, gwamnatocinmu kuma suka mai da shi bikin hukuma na kwana uku a watan Satumba, da rumfa da jawabai da tseren raƙuma. A nan ne maganar ƙawayenki take da ƙamshin gaskiya. Abin da ake yi gaban rumfar manyan baƙi shiryayye ne, an ba kowace ƙungiya mintocinta, ta yi ta wuce. Ban raina shi ba, domin a inuwarsa ake yi wa dubban dabbobi rigakafi, ana duba marasa lafiya, ana yi wa yaran daji takardun haihuwa. Bushiya, cutar da ta taɓa share garkunan kakanninmu, wadda aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, a irin waɗannan taruka aka ci ƙarfinta a ƙasarmu. Amma in kina son ganin abin da mutanen suka zo yi, sai motocin hukuma sun tafi, ki bi sautin tende cikin dare. Tende turmi ne na daka, a rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, a ɗaure da taɓare biyu, mata su zauna a kansu fatar ta ɗame. Ɗaya tana kiɗa, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi da tafi, maza kuma a kan raƙuma suna kewaye su, kowa yana ƙoƙarin takun raƙuminsa ya faɗa daidai kan kiɗan. Waƙar ta raƙuma ce da masu su, wa ya yi abin kirki bana, wa ya ji kunya. Namijin da aka saka a waƙar tende da abin kunya ya fi jin zafinta da tarar alƙali. Akwai kuma imzad, gogensu mai tsirkiya ɗaya wanda mata kaɗai ke kaɗawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya.

Yanzu Gerewol, wanda ya fi damun ki. Taron Woɗaaɓe iri biyu ne, mutanen waje suna haɗa su. Akwai worso, taron zuriya guda, na cikin gida ke nan: a raɗa suna, a ɗaura aure, mata su fito da abin da suke kira saga, jerin ƙoransu masu zane da kayan ɗakinsu, a zaga a gani a yaba. Gerewol kuwa tsakanin zuriya biyu ake yin sa. Ɗaya ta zo baƙunta, ɗaya ta sauke ta, kuma ba a zuwa haka kawai, sai dattawa sun yi ta aike-aike an amince, an duba inda ruwa da ciyawa za su ɗauki kowa. Cikakkensa kwana bakwai ne. Raye-rayen ma ba ɗaya ba ne. Akwai ruumi, da'ira ce babba ta maraba da yabon juna. Akwai yaake, wadda aka fi ɗauka a hoto, inda samari ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, galibi da rawaya a fuska, suna ɗaga dunduniya, suna juya ido, suna karkaɗa leɓe. A yaake abin da ake nema shi ne togu, farin jini, wannan abin da ke sa a so mutum ko ba shi ne ya fi kyau ba. Sai Gerewol ɗin kansa, wanda ba kowa ke shiga ba sai waɗanda zuriyarsu ta yarda da kyansu. Fuska ja, leɓe baƙi, farin layi ya sauko ta kan hanci, gashin jimina a ka, farin dutsen ado ya gicciye ƙirji, kowa shiga iri ɗaya don kada tufa ta ɓoye halitta.

Zare idon da bayyana haƙoran da ke ba ƴan birni dariya, nuna abin da suke kira kyau ne: farin ido, farin haƙori, dogon hanci, dogon wuya, tsawo. Ni dai duk lokacin da na tsaya gaban wannan sahu da yamma, jajayen shanunsu masu dogon ƙaho nake tunawa, kuma ban ɗauka haɗuwar ta banza ce ba, mutanen da saniya ce ma'aunin komai a wurinsu. Wahalar rawar ba a ganin ta a hoto. Sa'o'i ake yi a tsaye cikin rana, a ci gaba cikin dare, murya ɗaya doguwa ba kiɗa, tsofaffin mata suna gaban sahu suna zuga mai ƙoƙari suna gorin wanda ya fara sanyi. Wanda ya fita daga sahu don gajiya ya ja wa zuriyarsa magana. Munyal, wato haƙuri da juriya, da semteende, wato kunya, su ne ginshiƙan abin da Fulani ke kira pulaaku, kuma a filin nan ake gwada na farkon a gaban kowa. Daga ƙarshe ƴan mata biyu ko uku na masu masauki, waɗanda dattawa suka zaɓa, su taso a hankali, ido a ƙasa, su nuna gwanin baƙi da ɗan motsin hannu. Ba kuɗi, ba kofi. Sunansa dai za a riƙa ambata shekara da shekaru.

Amma zuciyar taron ba a filin rawa take ba. Masu masauki suna yanka bijimi, a gasa, a jera gaɓoɓinsa a kan fatarsa kamar yadda yake da rai, dattawan ɓangarorin biyu su zauna su duba ba abin da ya ɓace, sannan a raba a ci. Cin naman nan alkawari ne. Ma'anarsa mun yarda ku Woɗaaɓe ne kamarmu, hanyarmu ɗaya, za mu iya haɗa rijiya da makiyaya da aure. Kuma bashi ne, domin waɗanda aka sauka wurinsu bana, wata shekara su ne za su je a sauke su. Mutanen da ba su da birni, ba ganuwa, ba fada guda da ke haɗa su, da wannan zuwa da ramawa suke riƙe da junansu daga Tawa har Difa. Mu muka ce zumunta a ƙafa take, su kuwa a kanta suka gina dukan zamansu. Ban taɓa ganin mai kyamara ya tsaya wajen dattawan nan ba, ba launi a wurin, tsofaffi ne a kan tabarma suna magana ƙasa-ƙasa.

Batun satar mata ba zan kauce masa ba, don in na ɓoye miki za ki ji a wani wuri ki daina yarda da sauran maganata. Aure iri biyu ne a wurinsu. Koobgal shi ne na iyaye, tun yara suna ƙanana ake yin baiko, galibi tsakanin ƴaƴan ƴan'uwa, da shanu a tsakani. Teegal kuwa shi ne mace ta bar gidan da aka kai ta ta bi wanda take so daga wata zuriya, a yanka sa a tabbatar da shi. Yana faruwa, kuma lokacin Gerewol na cikin lokutan da ake ƙulla shi. Kalmar sata ba ta dace ba, tunda da ƙafarta take tafiya, kuma akwai doka: ba a yin sa a cikin zuriya ɗaya. Sai dai kada kowa ya gaya miki abu ne mai sauƙi. Ƴaƴanta suna zama a gidan ubansu, mijin da aka bari yakan biyo sawu da sanda ko takobi, na taɓa ɗinke kan wani saurayi da zaren da nake ɗinke dabba saboda irin wannan rigima, asibiti yana nesa. A matsayina na Musulmi na san barin aure ba saki ba idda bai dace da shari'a ba, kuma su ma Musulmi ne, maganar tana ci a tsakaninsu, da yawa waɗanda suka yi karatu sun bar shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan ɓangare guda a sa wa dukan taron sunansa. Waɗanda suka fara yaɗa wannan suna baƙi ne masu neman labarin da zai sayu a ƙasarsu, bai kamata mu maƙwabta mu karɓa daga bakinsu ba.

Ga wani abu da ake ƙullawa a tarukan nan wanda na fi so ki riƙe. Suna da al'adar haɓɓanaaye. Mutum ya ba ɗan'uwansa ko amininsa aron karsana, ta zauna a garkensa yana shan nononta har ta haihu sau biyu ko uku, maruƙan su zama nasa, uwar ta koma gida. Bayan farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda ya bar gidaje da yawa ba ko wutsiya, da wannan aro mutane suka sake tsayawa da ƙafarsu. Yau ƙungiyoyin agaji sun ari sunan suna raba wa mata awaki da shi a ƙauyukanmu. Wa zai ba ka karsanarsa in bai san ka ba, bai ga halinka ba, bai ci nama ɗaya da ubanka ba? A wurin taro ake ganin wanda ya rasa, a ji kunyar barin sa haka.

Hujjata a kan cewa ba don Nasara ake yi ba mai sauƙi ce. Lokacin tawayen arewa na farko, wanda aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, baƙi sun ɗauke ƙafa. Suka dawo, tawaye na biyu ya tashi daga 2007 zuwa 2009, aka sace ma'aikata a Arlit a 2010, yawon buɗe ido ya mutu murus a yankin. Masu otal da masu jagora da maƙeran azurfa na Agadas sun sha wuya ƙwarai. Gerewol da worso kuwa ba su tsaya ba. Abin da na ga yana hana su shi ne ruwa. Shekarar da damina ta yi gardama, ciyawa ba ta kai ta ɗauki taro ba, dattawa su ce bana babu, kowa ya kama gabansa ya nemi inda dabbarsa za ta rayu.

Biyanu daban yake, na birni ne, kuma watan Musulunci yake bi. Bayan Babbar Salla samarin Agadas suke fara fita da dare da ganguna, unguwannin gabas ƙungiya guda, na yamma ƙungiya guda, kowace da shugabanta da ake kira tambari. Abin yana ta ƙaruwa har 9 ga Muharram, ranar da jama'a ke fita bayan gari zuwa Alarsas su kwana can, washegari su shigo birni cikin manyan riguna da rawuna, riƙe da ganyen kaba, suna rawa har ƙofar Sarkin Abzin. In kin tambayi Agadasawa asalinsa, wani zai ce tunawa ce da tarbar da mutanen Madina suka yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ya ce murnar saukar jirgin Annabi Nuhu ce. Ki lura da lokacin: daidai da namu cika-ciki ne. Kuma Hausa ce harshen titin Agadas, don haka in kin je ba za ki nemi tafinta ba. Tsohon garin, da dogon hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga gadon duniya a 2013. Biyanu shi ne bikin da ban jin tsoron mutuwarsa, saboda yana da gari, yana da sarki, kuma ƴaƴansa na Yamai da na ƙetare suna dawowa dominsa.

Shaɗi kuma, inda saurayi ke tsayawa a zuba masa tsumagiya a ƙirji bai motsa ba, na wasu rassan Fulani ne, kada ki haɗa shi da Gerewol. Mu ma a cikinmu akwai masu riƙe da tsofaffin bukukuwa da suka zama ƴan kaɗan, kamar Aznan Masalata kusa da Ƙonni masu buɗin daji da duban shekara.

To ina ruwanmu. Ɗiyata, unguwar Zango da kike ratsawa kullum, sunanta ya ba ki amsa. Masaukin ayari ce. Birni na sarki ne a cikin ganuwar da Sarkin Damagaram Tanimun ya gina, Zango kuma ta fatake da Abzinawa masu raƙuma. Ayarin da ke ratsa hamadar Tenere da kaka zuwa Fashi da Bilma, da geron Damargu da na Damagaram yake tafiya, ya dawo da kantun gishiri da dabino, ya sauko da su nan har Kano. Arzikin da ya sa garin nan ya zama abin da ya zama, har Nasara suka mai da shi babban birnin ƙasa kafin su koma Yamai a 1926, da ƙafar raƙumi ya shigo. Gonar kakanki kuma da kashin shanun Fulani ta yi albarka: bayan girbi a saki gonaki, garke ya ci kara da harawa ya bar taki, mai gona ya ba da damin hatsi, matan ruga su kawo nono su karɓi gero. Furar da kike sha ma gero namu ne, nono nasu. Hatta sarautar da muke hawan salla dominta, gidan daga Barno ya samo tushe, shi ya sa kike jin Ciroma da Galadima da Kaigama a fada. Wasan da ke tsakanin Bafillace da Babarbare, su yi ta tsokanar juna a kasuwa ba mai fushi, da kuɗin shara da taubasai ke karɓa a watan cika-ciki, wannan taubasantaka ta Nijar ita ma an sa ta cikin gadon duniya a 2014. Mu da muke da hawan ƙaho da wasan kara, mun san biki ba ya rasa ma'ana wurin masu shi ko da baƙo ya ga kamar hauka ne.

Babban ruwanmu kuwa shi ne mu ne muke iya kashe bukukuwan nan ba tare da mun taɓa zuwa ba. In an ce al'ada za ta ɓace, mutane sukan zargi waya da lakwal da wa'azi. Suna da nasu tasiri, amma ni abin da na gani ya fi su ƙarfi shi ne ƙasa. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. An yi kundin dokokin karkara a 1993, aka ƙara dokar kiwo a 2010 wadda ta amince cewa yawo da dabba haƙƙi ne. A takarda ba abin da ya rage. A daji kuwa gonaki sun haura iyakar nan da nisa, burtalin da garke ke bi da faɗinsa ya zama siririyar hanya tsakanin shuka biyu, bakin tafki ya zama lambu. Masu kuɗin birni suna haƙa rijiya ko famfo a tsakiyar makiyaya, wanda ya mallaki ruwa kuwa ya mallaki ciyawar da ke kewaye da shi. Amalanke da manyan motoci suna kwashe busasshiyar ciyawa daga daji a kawo mana nan mu ciyar da ragunan layya, makiyayi ya dawo da rani ya tarar da ƙasa fes. Ga gobarar daji, ga ɓarayin shanu. Na san wani fili a Damargu inda na taɓa ganin taron da ido ba ya iya kai ƙarshensa, da na koma bayan shekaru gero ne tsaye a wurin. Ban ga laifin manomin ba shi kaɗai, shi ma baki ya ƙaru a gidansa, tsohuwar gonarsa ta gaji. Amma Boɗaaɗon da ya rasa shanu ya shigo birni yana gadi, ko yana yawo da magani, matarsa tana kitso, ko an kira shi ya yi yaake a filin wasa an biya shi, bijimin da za a yanka a jera a kan fata babu shi, zuriyar da za ta sauke wata babu ita. Shi ya sa in na ji ana maganar raya al'adu da gina dandali da raba kyaututtuka, nakan so a fara da aika mutane su dasa alamun burtali, su kuma tsaya a kan ranar sakin gonaki.

In kin ƙudura zuwa, kuma ina so ki je, kada ki fara da Ingal. Daga nan zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, hanyar tana da wuya, kuma sai an tambayi halin tsaro kafin a kama ta. Woɗaaɓe suna nan kusa da ke a ƙasar Tanut, kuma a jami'arku akwai ƴaƴan Fulani da na Abzinawa da na Tubawan garin Taskar waɗanda kuke zama aji ɗaya. Ta hannunsu za ki shiga, a matsayin baƙuwar wani gida, da muharraminki, domin Gerewol na gaskiya ba a sa masa rana a rediyo, sai ana saura ƴan kwanaki ake sanin wurin. Ki riƙa ganyen shayi da sukari, su ne goron can. Ki fara da gaida arɗo da tsofaffin mata kafin ki kalli filin rawa. Kada ki tambayi mutum yawan shanunsa, kada ki matsa wa mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta, wannan kunyar kin san ta a gida. Ba'abzine kuma ba a ce masa ya sauke amawali don a ga fuskarsa. Wayarki ta zauna a jaka ranar farko. In kin saba da mutane kika nemi izini za su ba ki, samarin ma suna son a ɗauke su in sun gama shiri, amma wajen dattawa da naman bijimi ba a ɗauka. In kin dawo kika sa hoton a Facebook, ki rubuta Woɗaaɓe, ki faɗi sunan zuriyar da ta sauke ki in sun yarda, kuma ki nemi hanyar aika musu da hotunan, don sun sha gaya mini an ɗauke su sau ba adadi ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.